Muryar da Na Kunna a Fada

Assalamu alaikum, shugaban wannan mujalla da masu karatunta. Na daɗe ina fara wannan wasiƙa ina yagewa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin abin da na riga na tona a baya ya isa.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, ina da shekara ashirin da bakwai. Na gama digirin lisans a fannin nazarin harshe a Yamai, aka turo ni aikin yi wa ƙasa hidima, ina koyarwa a wani kwalej na ƙauye a kan hanyar Tunuga. Ni ɗan manoma ne daga yankin Yelu, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Ba ni da yawan magana, ba ni da yawan dariya, kuma kafin in furta jimla sai na auna ta. Mutane suna ɗaukar shiruna a matsayin hankali, ni ma na yarda da su. Ina alfahari da Hausata, ina alfahari da Faransancina. Dandanci kuwa, harshen mutanen bakin kogi da nake zaune a cikinsu, ban taɓa zama na koyi ko gaisuwarsa cikakkiya ba. Na ɗauka tun da kowa yana jin Hausa a kasuwa, ni ba ni da bukatar jin na kowa.

Yarinyar da nake nema ƴar Gaya ce, gidansu yana unguwar bakin ruwa. Dandawa ne. Mahaifinta babban masunci ne, dattijon da ake kai wa ƙara idan masunta suka saɓa kan wurin saka taru, kuma idan ya yanke magana ba a sake tayar da ita. Ita tela ce, kekenta yana zauren gidansu. Saboda ina ƙauye daga Litinin zuwa Jumma'a, yawancin hirarmu a Watsap muke yin ta. Ni ina rubuta mata dogayen saƙonni, in karanta sau biyu in gyara kafin in aika. Ita kuwa sai ta amsa da saƙon murya, wanda muke kira bokal, ƙarar keken ɗinki tana tashi a bayan maganarta. Malam take kirana. Takan ce saƙonnina kamar sanarwar gidan rediyo suke, saura kawai in sa kiɗan soja a farko, kuma yatsunta na allura ne, ba na rubutu ba, in ina son amsa sai in buɗe kunne. A gabanta kaɗai nake dariya har haƙorana su fito. Manya sun riga sun shiga maganar, an kai goro an karɓa, abin da ya rage kawai shi ne a sa rana.

Sa ranar ce ta ƙi zuwa. An gaya mana mahaifinta ya haye wajen surukansa a ɓangaren Benin kafin a rufe iyaka, rufewar ta rutsa da shi a can. Sau biyu kawuna yana zuwa gidansu, sau biyu mahaifiyarta tana ba shi haƙuri, cewa ba a sa ranar ɗiya ubanta ba ya nan. Da farko na karɓi wannan uzuri. Amma ni mutum ne mai lissafi, kuma duk Asabar ina zuwa Gaya ina ganin bakin kogi da idona. Gada ce aka rufe, ba ruwa ba. Jirage suna kai da kawowa tun safe, ɗauke da mutane da albasa da babura, har mata masu goyo suna hayewa su dawo. Ta yaya rufe gada zai tsare mutumin da ya girma a cikin jirgi? Tambayar tana da ma'ana, kuma da na yi mata ita da bakina, da wannan wasiƙa ba ta kasance ba. Ban yi ba. Na ga kamar tambaya za ta rage mini daraja, ta nuna ina tsoro. Sai na zauna ni kaɗai na gina amsa: akwai wani mai nema, wataƙila ɗan kasuwa daga ƙetare, kuma ana ja mini rai ne har a ga wanda ya fi.

Wata Asabar ta miƙo mini wayarta, ta ce ta cika, ba ta karɓar hotunan ɗinkin da ake aiko mata, in duba mata tun da ni ne mai ilimi. Ta shiga cikin gida ta kawo mini ruwa da soyayyen kifi. Ordinatata, wato kwamfutata ta hannu, tana cikin jaka a gefena. Na san yadda ake haɗa Watsap ɗin waya da ordinata, ta yadda duk abin da ya shiga can zai bayyana a nan. Bai kai minti ɗaya ba na gama. Sannan na goge mata tsofaffin bidiyoyi, wayar ta saki. Da ta dawo ta gwada, ta yi murna, ta ce Allah ya ƙara ilimi, Malam, Allah ya bar mana kai. Na ce amin. Na ci kifin.

Daga ranar na shiga wani aiki da na yi wa tsari kamar darasi. Wuta ta yi wuya a lokacin, don haka nakan cika ordinata a fanon hasken rana na makaranta, in lokacin hutun ƙarfe goma ya yi sai in koma bayan aji na ƙarshe, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, in buɗe. Na karanta awon rigunan mata. Na ji ƙawayenta suna gardama kan ankon biki. Na ga wa'azin da ake turo mata da addu'o'in ranar Jumma'a. Babu komai, sai lamba ɗaya ta Benin wadda ba a sa mata suna ba. Kowace safiya bokal yana shigowa daga wannan lamba, muryar namiji, da Dandanci, wani lokaci minti biyu, wani lokaci huɗu. Ina jira sai ta fara saurara kafin ni in taɓa, don kada alamar saurare ta tona ni. Har wannan na kiyaye. Amsoshinta ba irin waɗanda take aiko mini ba ne. Babu ƙarar keke, babu dariya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ɓuya a ɗaki, wani lokaci da kuka. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, sai guda: a cikin wani saƙo na ji ta ce Malam, sau biyu. Na maimaita wurin ya fi sau ashirin. Na tabbatar wa kaina cewa shawara suke yi kan yadda za a rabu da ni. A kwanakin nan saƙonnina gare ta suka ƙara tsari, suka ƙara sanyi. Ta tambaye ni ko lafiya, ko ta yi mini wani laifi ne. Na rubuta mata cewa aiki ne ya yi yawa.

Akwai wata fada, wato majalisar hira ta samari, a Gaya inda nake zama ranar Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, ana dafa shayi ana gardamar siyasa da farashin shinkafa. Babbanmu a wurin wani ɗan kabu-kabu ne da ya girme mu duka, muna ce masa Yaya. Bai yi lakwal ba, wato boko, amma yana jin harshe biyar, kuma babu lungun garin da babur ɗinsa bai shiga ba. Na kwafe saƙonni uku zuwa wayata na tafi da su. Na ce masa ina wani bincike ne kan harsunan yankin, na samo wasu muryoyi, ina so ya fassara mini. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce to Malam, in bincike ne me ya sa kake waige-waige kamar mai satar kaza? Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai binciken Malam yana da ɗankwali. Na fito da abin sawa a kunne don Yaya ya ji shi kaɗai, sai mai dafa shayi ya ce a'a, ilimi ba a yi masa rowa, a buɗe kowa ya taimaka wa jami'a. Ya karɓi wayar ya jefa ta cikin wani kwanon silba don ƙara ta fito. Mu takwas ne a wurin. Ina da damar in ce a'a. Abin da ya hana ni shi ne kada su gane cewa ba bincike ba ne, alhali sun riga sun gane.

Muryar namijin ta fara. Ba a yi daƙiƙa goma ba wani ya ce, kai, wannan ai ƙanin matar wane ne, mai gyaran injin jirgi a Malanville. Ya ambaci sunan mahaifinta. Dariyar ta fara raguwa daga gefe ɗaya, gefen waɗanda suke jin Dandanci, kuma su huɗu ne. Na ga mai shayi ya tsaya da buta a sama bai zuba ba. Saƙon farko ya ƙare, na biyu ya kama da kansa, muryarta ta cika wurin tana kuka. Yaya ya miƙa hannu ya cire wayar daga kwanon, ya yi ta danne-danne bai san inda ake kashewa ba, har na uku ya yi nisa kafin ya samu. Babu wanda ya dube ni. Yaya ya kama hannuna ya ja ni bayan bishiyar, ya tambaye ni, don girman Allah, a ina na samo wannan. Ya ce to bari ya gaya mini sakamakon bincikena.

Mai maganar kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta. Mahaifinta ba rufe iyaka ce ta tsare shi ba. Ciwo ne ya same shi a kai, ya fara mance mutane, ya fara magana da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Tun kafin kowa ya lura aka haye da shi da sunan ziyara, ana nema masa magani a can, kuma rufe gadar ta zame wa gidan sutura, domin ta ba su amsar da za su ba duk mai tambaya. A saƙon farko kawun yana cewa jiya tsohon ya ci abinci da hannunsa, amma da rana ya nufi kogi da kayansa a jiki, sai da mutum biyu suka riƙe shi. A na biyu ita ce take roƙon a bar ta ta gaya mini. Ta ce ta gaji da yi wa Malam ƙarya, kuma Malam ba kamar sauran samari ba ne, mutum ne mai riƙe magana, abin da ya shiga kunnensa ba ya fita. A na uku kawun yana cewa ta ƙara haƙuri har mahaifiyarta ta yarda. Wancan roƙon nata a saƙo na biyu, shi ne wurin da na maimaita sau ashirin. Yaya ya faɗi wannan yana duban ƙasa, kamar shi ne ya yi laifin.

Na koma na roƙe su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba zai faɗa ba, kuma har yau ban san wanda ya fara ba. Wataƙila ba da mugunta ya yi ba. Wataƙila matarsa kawai ya gaya wa, don tausayi. A garinmu idan an ji mutum ba shi da lafiya, ba a zama, sai an je dubiya. Ta haka gidan suka san asirinsu ya fita. Ranar Laraba mata suka fara sallama, wannan da kwanon kunu, waccan da ƴan lemu, suna yi wa mahaifiyarta sannu, suna tambayar ya mai jiki, ko ya fara gane mutane. Wata ta kawo sunan wani mai magani, ta ce ya iya irin wannan, ko ɗaure mutum ake yi yana kwance shi. Matar da ta yi wata da watanni tana cewa mijinta lafiya lau yake, gada ce kawai, ta zauna a tsakar gidanta tana amsa gaisuwar da ba ta nema ba. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai Yelu. Gwaggona, yayar mahaifina, ta kira ni ta ce ta ji abin da ta ji, irin wannan ciwo yana bin jini, kuma ita ba za ta zuba ido a kawo shi cikin zuri'armu ba. Ban iya gaya mata cewa ni ne na aika mata da labarin ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni kunya, kuma shi ne na fi jinkirin rubutawa. A yammacin Larabar nan ta aiko mini bokal mafi tsawo da ta taɓa aiko mini. Ta gaya mini komai da Hausa, tun daga ranar da mahaifinta ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Ta nemi gafarata don ta ɓoye mini. Ta ce wani ya ci amanarsu, kuma mahaifiyarta tana zargin matar kawun, domin ita kaɗai ce bare a cikin waɗanda suka sani. Na saurara har ƙarshe. Sannan na rubuta mata saƙo mai kyau, mai tsari, na ce na yafe mata, na kawo mata addu'o'in haƙuri, na ce Allah zai tona wanda ya yi. Kwana tara na yi a haka. Kuma ban cire haɗin ba. Ina buɗe ordinata ina ganin saƙonni suna ta kai da kawowa tsakanin gidajen biyu, ina jin muryar wata mata da ban taɓa gani ba tana rantsuwa tana kuka. Wannan karon ban bukaci mai fassara ba. Matar da take wanke wa tsohon kaya, take dafa masa abinci, ita ake tuhuma, ni kuwa ana gode mini don na nuna halin girma.

Yaya ne ya kawo ƙarshen abin. Ya biyo ni har makaranta a kan babur ɗinsa, bai ko sauka ba. Ya ce ya ji ana neman raba wata baiwar Allah da mijinta kan abin da shi da ni muka san ba ita ta yi ba. Ya ce, Malam, ni ban yi karatu ba, amma ina da ƴaƴa mata. Ko ka je da ƙafarka kafin Jumma'a, ko ni in je da babur. Na je ranar Alhamis bayan azahar. Na same ta a zaure tana yanka yadi. Na shirya jawabi a hanya, mai gabatarwa da dalilai, amma da ta ɗago ta yi mini murmushi sai jawabin ya watse, na faɗi abin yadda yake. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye almakashi, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce wata uku da kwana goma sha ɗaya. Ta ce ashe har ƙirgawa nake yi. Ta miƙo mini wayar ta ce in cire abin a gabanta, in nuna mata inda yake don ta sani. Na nuna mata. Ta tambaye ni, a duk wannan lokaci, me na samu. Na ce ban samu komai ba. Ta ce ranar da ta ba ni wayar, kifin da ta kawo mini na abincin ranarta ne. Sannan ta yi wata magana da Dandanci, jimla biyu ko uku, a hankali, tana duban idona. Da ta gama ta ce, “Wannan kuma ka kai fada a fassara maka.” Ta ɗauki almakashinta.

Bayan mako biyu aka aiko wa kawuna cewa a yi haƙuri, maganar ta tsaya. Ba a faɗi dalili ba, kuma ba su taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba. Gidan da na tona su ne suka rufa mini. A Yelu har yau ana cewa Allah ne ya tsare ni daga auren gidan masu ciwo, kuma sau ɗaya kawai na iya buɗe baki na gaya wa mahaifina gaskiya. Ya tambaye ni ko abin da aka koya mini a Yamai ke nan. Tun da babu sauran abin ɓoyewa, an dawo da tsohon gida. Ya samu sauƙi, yakan zauna a ƙofar gida da hantsi. Amma masunta ba sa kawo masa ƙara kuma. Suna gaishe shi da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa yaro, su wuce. Iyalinsa sun so ne ya warke a ɓoye, ya dawo ya tarar da girmansa yadda ya bar shi. Wannan ne na ɗauke masa, kuma ba abu ne da ake mayarwa ba. Na taɓa bi ta wurin na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya sa mini albarka, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne.

Na yi tunani mai tsawo kan inda na ɓata. Da farko na ɗora wa waya, na ce ita ta sauƙaƙa abin da bai kamata ya yi sauƙi ba. Amma waya ba ta buɗe jakata ba. Na ɗora wa kishi, amma kishi yana iya tambaya. Abin da ya kai ni girman kai ne: na fi son in yi sata da in nuna ban sani ba, kuma na ɗauka duk abin da aka faɗa da harshen da ba na ji, a kaina ake faɗarsa. Ina kira ga ƴan'uwana matasa, musamman mu da muka yi karatu ake miƙo mana waya a ce mu gyara. Wanda ya ba ka wayarsa ya ba ka ɗakin mahaifiyarsa, da ciwon mahaifinsa, da maganar mutanen da ba su san kana nan ba. Idan wani abu ya dame ka game da wadda kake so, je ka zauna a gabanta ka tambaya. Idan ta ce ba za ta iya faɗa ba tukuna, ka sani akwai sirrin da ba nata ba ne balle ta ba ka. Kada kuma ka kunna muryar kowa a gaban jama'a; a gari irin namu murya tana da fuska, tana da gida, tana da dangi. Ni na nemi hujjar cewa ba a yarda da ni ba, sai na samu shaidar cewa an yarda da ni fiye da yadda na cancanta, kuma a gaban mutum bakwai na samu ta.